Ɓatan Shaihu Umar na Biyu

Ƙofar Galadima tana cikin ƙofofin birnin Zariya da sunansu ya fi ganuwarsu tsawon rai. Kamar Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, yau ta fi zama sunan wuri da ake faɗa wa mai babur, ba mashigar da ake rufewa da dare ba. Ganuwar da ta kewaye birnin kuwa, damina ta ci wani ɓangare, magina sun ɗebi wani sun buga tubali, gidaje sun hau kan abin da ya saura. Sarautar da ƙofar ke ɗauke da sunanta tsohuwa ce. A tsarin Zazzau na zamanin Haɓe, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, Galadima yana cikin manyan rukunan sarki, kuma shi ake bar wa gari idan sarki da Madawaki sun fita yaƙi.

A birni irin wannan, isar da labari da riƙe tarihi sana'o'i ne masu masu su. Idan fada na da umarni, mai shela ne ke bin unguwanni. Sanƙira da maroƙansa su ke riƙe da kirarin sarakuna da jerin sunayensu. Masu tambari da kakaki da algaita suna taruwa a ƙofar fada daren Juma'a, kowane take da aka busa akwai wanda ake nufi da shi, kuma mutanen gari sun san wane ne. Ma'ajiyar wannan ilimi ka ne, hanyar kiyaye shi kuwa gado: ɗa ya tashi a bayan ubansa yana amshi har ya iya.

Ƙarni na 20 ya zo da wani sabon ma'aikaci da ya karɓi rabin waɗannan ayyuka ba tare da an naɗa masa rawani ba, wato ɗan rediyo da mai ɗaukar fim. Zariya na da hannu dumu-dumu a renonsa, kuma labarin wani fim guda ɗaya ya isa ya nuna abin da wannan ma'aikaci ya iya tarawa, da yadda abin da ya tara ya kusan zubewa.

Mafarin abin takarda ce. A farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta koma Zariya, ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East. A 1933 East ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, aka yi gasa, aka buga waɗanda suka yi fice. Cikinsu akwai Shaihu Umar na wani malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin yaro ne ɗan Kagara da aka sace yana ƙarami, bayan makirci ya sa an kori mijin mahaifiyarsa har ya je ya zauna a Maƙarfi ta ƙasar Zazzau. Yaron ya faɗa hannun wani Balarabe, aka ƙetara Sahara da shi, ya girma ya zama malami. Uwar ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba su sadu ba sai dab da ajalinta. Littafi ne kan bauta, wanda aka rubuta a lokacin da waɗanda suka ɗanɗana ta suke da rai a kowace unguwa.

A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Abubakar Imam ne edita, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Masu karatun boko ba su da yawa a lokacin, saboda haka mutum ɗaya ne zai riƙe jarida a zaure ya karanta, jama'a na saurare. Wannan ya sa Imam da abokan aikinsa suka saba rubuta Hausar da kunne zai ɗauka nan take, mai gajerun jimloli da karin magana a inda ya dace. Da rediyo ya zo, ya tarar an riga an share masa fage.

Rediyon farko da birane suka sani ba irin na yanzu ba ne. Akwati ne da ake maƙalawa a bango, waya ta taso daga tasha guda a cikin gari ta shigo gida, ana biyan kuɗin haya wata-wata. Ba a murɗa shi a nemi wata tasha: abin da aka sako shi za a ji, ko a kashe. An buɗe irin wannan tasha a Kano a 1944, Zariya da wasu garuruwa suka samu a shekarun da suka biyo baya, aka kuma kafa lasifika a wuraren taruwar jama'a domin wanda ba shi da halin haya. Yawancin lokacin shirye-shiryen BBC ake juyowa daga Landan, amma akwai sa'o'in da aka keɓe wa gida, kuma a nan ne makaɗa da malamai suka fara tsayawa gaban makirufo.

Majigi ya fi rediyo shiga ƙauye. Mota ce ɗauke da janareta da na'urar haska fim da farin ƙyalle, takan sauka a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, a jira magariba ta wuce. Tushenta wani jami'in kiwon lafiya ne, William Sellers, wanda ya fara haɗa fina-finan tsabta a Legas, daga baya aka ba shi jagorancin sashen fina-finai na ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Sellers ya yi imani cewa Ba'afirke ba zai gane fim mai saurin sauya hoto ba, don haka ya shimfiɗa ƙa'idojin ɗaukar hoto a hankali, abu ɗaya a lokaci ɗaya, labarin kuma kusan kullum na mai wayo ne da wawa: wannan ya bi shawarar gwamnati ya ci riba, wancan ya ƙi ya yi nadama. Raini ne ƙarara, kuma 'yan kallon da ke cika gidajen sinima na Sabon Gari suna bin fina-finan Amurka da Indiya sun riga sun ƙaryata shi. Sai dai akwai mutum ɗaya a cikin motar da ƙa'idojin Sellers ba su ɗaure ba, shi ne mai sharhi. Shi ke tsaye da makirufo yana fassara abin da ke kan ƙyalle, ya saka ba'a, ya ba mutanen fim sunayen da gari ya sani. Fim ɗin na gwamnati ne, amma daren nasa ne. Kuma saboda majigi na zuwa da izinin sarki, a fili, kyauta, bai ɗauki baƙin jinin da sinima ta ɗauka a wurin malamai da iyaye ba. Baban Larai, fim ɗin shekarun 1950 da ke kwaɗaitar da noman auduga, ta wannan hanya ya shiga bakin mutane, a ƙasar da ke da injin gurzar auduga a Zariya da gonar binciken noma a Samaru.

Siyasa ce ta haifi manyan gidajen watsa labarai. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Awolowo ta rediyon gwamnati, aka hana Awolowo damar mayar da martani. Tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon kafa tashoshinsu, Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, Gabas ta biyo a 1960. Gwamnatin Sardauna ta kafa kamfanin BCNN tare da kamfanonin Ingila guda biyu, EMI da Granada, aka fara watsa shirye-shirye daga Kaduna a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Kafin nan BBC ta riga ta fara sashen Hausa a Maris na 1957. Rediyon Kaduna, a kan gajeren zango, ya kai har Nijar da Gana da Kamaru da Cadi, ya zama abin da ke haɗa Bahaushen zango da na gida.

Babu makarantar koyon wannan aiki a Arewa a lokacin. Malaman makaranta ne da akawuna da tsofaffin sojoji, duk wanda ke da murya da Hausa mai tsabta, suka shiga suka koya a kan aiki. Zariya, mai Kwalejin Barewa tun 1949 da Kamfanin Gaskiya da jami'a, ta ba da kaso mai tsoka. Alhaji Yusuf Ladan, Ɗan Iyan Zazzau, shi ya rubuta wasan rediyon nan Zaman Duniya Iyawa Ne, wanda daga baya aka buga shi littafi. Ƙasimu Yero, shi ma ɗan Zariya, ya yi suna a Karambana a talabijin ta Kaduna, ya fito a Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin, sauran Najeriya kuma ta san shi a Cock Crow at Dawn. Usman Baba Pategi ya fito daga soja ya zama Samanja. Waƙoƙin Abubakar Ladan Zariya da na Aƙilu Aliyu sun kai ga dubban mutanen da ba su taɓa riƙe littafinsu ba, domin an rera su a rediyo.

Ba wanda ya ɗauki waɗannan ma'aikata a matsayin masu adana kayan tarihi, su ma ba su kira kansu haka ba. Shirin mako suke nema su cike. Amma duk lokacin da ma'aikaci ya ɗauki rakoda ya tafi ƙauye, ko ya kira Mamman Shata ko Ɗanƙwairo ko Ɗan Maraya ɗakin naɗar murya, zaɓi yake yi na abin da jikoki za su ji. Abin da ake ji yau na Narambaɗa shi ne ɗan abin da wani ya samu ya naɗa kafin rasuwarsa. Wannan iko ne da Sanƙira bai taɓa samu ba, domin shi Sanƙira sai ya sami magaji kafin abin da ya sani ya tsira. Kuma ikon yana da son zuciyarsa: mawaƙan sarakuna da na manyan birane sun fi samun shiga, waƙoƙin mata na daka da niƙa da na masu sana'o'in da ake rainawa ba su sami rabo daidai da yawansu ba.

A fannin fim, wanda ya fi kowa tafiya da wannan aiki shi ne Adamu Halilu, haifaffen Garkiɗa a 1936. Ya fito ne daga cikin tsarin majigi, ya yi shekaru yana haɗa fina-finan gaskiya da na wayar da kai ga gwamnati, ya kuma sami horo a Turai. Kafin ya taɓa Shaihu Umar, labarin ya riga ya yi tafiya: an kashe marubucinsa, Firayim Minista, a juyin mulkin Janairun 1966, Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay kuma suka mayar da shi wasan kwaikwayo da aka buga a 1975. Halilu ya kammala fim ɗin a 1976 da kuɗin gwamnatin tarayya, domin bikin FESTAC da aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977, bikin da Kaduna ta karɓi hawan dabarsa. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar. Fim ne mai launi, da Hausa, tsawonsa ya haura sa'o'i biyu, kuma hannun mai fim ɗin gaskiya a bayyane yake cikinsa: kyamara ba ta gaggawar barin zaure ko makarantar allo ko ayari, tana tsayawa ta kalli tufafi da gini da yadda ake gaisuwa. Wasu za su ce yana da nawa. Wannan nawar ce ta mayar da shi taskar abubuwan da yanzu ba a ganinsu.

Bayan biki fim ɗin ya shige duhu. Gidajen sinima a lokacin sun dogara ne da fina-finan Indiya da Amurka da na Sin masu araha, babu wata hanya tsayayya ta kai fim ɗin gida gare su. Halilu ya ci gaba, ya yi fim kan Kanta na Kabi, ya kuma shugabanci Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979. Daga 1986 darajar naira ta faɗi, sayen faifan fim da wanke shi a ƙasashen waje ya gagara. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano da kyamarar bidiyo, wata sabuwar masana'anta ta tashi wadda ba ta bukatar komai daga tsohuwar. Da Halilu ya rasu a 2001, manazarta suna ambaton Shaihu Umar a rubuce-rubucensu, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganinsa.

Ɓacewar irin waɗannan kaya tana da dalilai biyu, na hukuma da na sinadari. Jihar Arewa da ta kafa BCNN da sashen majigi an rushe ta a 1967, kadarorinta suka koma hannun hukumar riƙo ta jihohi shida. A 1977 talabijin ta koma ƙarƙashin NTA, rediyo kuma ya shiga FRCN a 1978. Kowane sauyi yana zuwa da sabon shugaba da sabon kasafi, ɗakin ajiya kuwa ba shi da mai yi masa magana a wurin rabo. Faifan bidiyo na tashar talabijin yana da tsada, saboda haka al'ada ce a duk duniya a goge tsohon shiri a ɗora sabo a kai.

Sinadari kuma ba ya jira. Fim ɗin wancan zamani, idan zafi da laima suka haɗu a kansa, yakan fara fitar da wani wari mai tsami irin na ruwan khal. Tsamin da ya fita shi ke ƙara hanzarta ruɓewar, har ya kama gwangwanin da ke kusa. Faifan ya ƙanƙance, ya nannaɗe, launinsa ya koɗe ya koma ja-ja. Kaset da faifan rakoda su kuma gamin da ke riƙe da maganaɗisunsu yana shan laima ya yi danƙo, idan aka sa a na'ura sai ya kankare, muryar ta tafi gaba ɗaya. Masana kan gasa irin wannan faifan a ɗan zafi kaɗan na tsawon sa'o'i domin a samu a juye shi sau ɗaya. Duk ɗakin ajiyar da wutar lantarki ke ɗaukewa a cikinsa, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, yana cikin wannan hali ko an buɗe ƙofarsa ko ba a buɗe ba.

Ita kanta BBC ta goge nata. A 2013 aka sanar da cewa an gano kashi 9 na wasan Doctor Who da suka ɓace a Ingila, kuma a wata tashar talabijin a Jos aka same su, inda suka yi shekaru da dama a kan kanta. Wani Bature ne ya bi sawun takardun jigilar kaya har ya kai can, domin a ƙasarsu akwai masu neman abin ido rufe.

Shaihu Umar ma sai da aka sami mai nema. Didi Cheeka, mai sharhin fina-finai a Legas, ya ci karo da tarin gwangwanaye masu tsatsa a tsohon ginin sashen fina-finai na zamanin mulkin mallaka, wannan ya jawo bincike tare da cibiyar Arsenal ta Balin. A 2016 aka gano faya-fayan Shaihu Umar a cikin ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, har da ainihin faifan da ake wanke kwafi daga gare shi. Arsenal ta gyara shi ta mayar da shi na kwamfuta da tallafin gwamnatin Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a Fabrairun 2018, shekara 41 bayan FESTAC. Daga wannan haɗin gwiwa ne aka buɗe karatun digiri na biyu kan adana fina-finai a Jami'ar Jos a 2019, tare da Jami'ar Goethe ta Farankfot.

Mutumin Zazzau zai ga wani abu da ya saba gani a nan. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim (1834 zuwa 1846), shi ne ƙololuwar ginin ƙasa na Hausa, da bakan gizonsa da ginshiƙansa masu zane. A shekarun 1970 aka yi sabon gini da ya lulluɓe tsohon. Cikakken awon yadda yake a da, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan ne, Zbigniew Dmochowski, ya ɗauka, kuma da wannan awo aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Kiɗan fadar Zazzau na 1963 da 1964, David Ames ɗan Amurka ne ya naɗa, aka fitar da shi a faya-fayan garmaho a Jamus cikin jerin UNESCO. Tarihin rayuwar Baba ta Karo, Mary Smith ce ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950. Ba a rasa ƙoƙarin gida ba: Farfesa Abdullahi Smith da almajiransa sun tattara rubuce-rubucen ajami da na Larabci a Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1960, aka kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Amma takarda aka fi ba muhimmanci. Murya da hoto an bar su a hannun tashoshin da aikinsu shi ne shirin gobe, alhali abin da ma'aikatan Kaduna suka naɗa cikin shekaru arba'in ya ninka na duk baƙin manazarta, kuma su sun san abin da suke ji.

A 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyoyin murya da hoto ta duniya suka yi gargaɗin cewa wajen 2025 na'urorin da ke karanta tsofaffin kaset za su ƙare, domin an daina ƙera su da kayan gyaransu. Akwai kuma abin da ya fi na'ura saurin ƙarewa. Gwangwanin fim ko kwalin kaset da takardarsa ta goge ba ya faɗin wane ne a ciki, ko a wace ƙofa aka ɗauki hawan, ko wane take ake busawa. Sai an zaunar da wanda ya yi aikin ya kalla ya faɗa. Ƙasimu Yero ya rasu a Kaduna a Satumban 2017, wata biyar kafin a nuna Shaihu Umar a Balin. Samanja ya bi shi a Nuwamban 2023.